Injin Motar Baba Ya Tashi

Daren Laraba, Kabara

Yau injin motar marigayi Baba ya tashi. Wata bakwai ina fama da tsohon dizal ɗin nan a ƙofar gida. Na kwance shi kaf, na sa sabbin fistin, na yi ta zaryar Ƙofar Ruwa neman famfon mai. Da na murza makulli ya amsa, sai da na yi ƙwalla.

Bayan la'asar sai ga Yaya Sani, wanda bara ya ce a kai wa 'yan gwangwan motar. Ya zagaya ta, ya ce, "Madalla, Habu. Ai kayan gado ce, na samo mai saye. Kawo makullin."

Na miƙa masa, don Hajiyarmu tana zaure tana jin mu. Ko zagayen unguwa ban yi da ita ba.