Kada Ka Saki Sabon Zomon

Fraser,

Jinin da za ka gani a ɗakin wanki na zomonmu Biskit ne, ba na 'yarmu Marnie ba. Zan kai shi wurin likitan dabbobi kafin in shiga aji.

Da safe Marnie ta saka sabon zomon a kejin Biskit don su saba. Nan take sabon ya danne Biskit, ya tsaga masa kunne, ya kafa masa haƙora a ciki. Garin raba su ni ma ya yage min yatsa. Marnie ta ɗauko sandarka ta wasan kurket tana kuka, ta ce, "Mama, matsa in fasa kan mugun nan."

Na karɓe sandar, muka naɗe sabon zomon a tawul muka duba tare. Babu tambarin da likitoci ke yi wa dabba a kunne in sun dandaƙe ta, 'ya'yan marainansa kuma suna nan. Ashe ba a dandaƙe shi ba, shi ya sa yake faɗa; maƙwabcin da ya ba mu shi bai sani ba.

Sabon zomon yana kulle a gareji. Don Allah ka kira asibitin dabbobi su sa masa ranar dandaƙa.

Kafin mu fita Marnie ta tura masa ganye ta ƙarƙashin ƙofa. Ta gane likita yake buƙata, ba duka ba.

Bronwyn