Naman da Baba Ya Gasa

Laraba, bayan Isha'i, Maƙarfi

Ɗazu muka dawo daga Abuja. Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa.

Jiya da muka fito da Baba daga asibiti, maigidana ya ce sai ya kai shi wani gidan abincin Japanawa da abokinsa ya yaba masa. Ashe wuta ce a tsakiyar tebur. Ana kawo ɗanyen nama an yanka fale-fale, kowa ya gasa da kansa. Babu inda suruki zai koma gefe da kwanonsa.

Shekara goma sha ɗaya da aurenmu, Baba bai taɓa ganinsa yana cin abinci ba. Ko mun je gidan iyayena a Dandamisa, zaure ake kai masa nasa. Sai ga su gaba da gaba. Ya yi ta gasawa yana tura wa Baba, kansa a sunkuye, shi ko ruwa bai sha ba.

Can Baba ya karɓe abin juya naman daga hannunsa, ya gasa yanka uku, ya zuba masa a faranti.

"Ci, Malam Sani. So nake in ga ka ci."

Ya ɗauka ya ci. Ni kuwa ina ta ɓoye dariya a mayafi.

Sai yanzu dariyar ta ɗauke. Baba ba ya wasa da al'ada. Kuma da likita ya kira shi da sakamakon gwaji, cewa Baba ya yi mu jira a waje.

Ya Allah, me aka faɗa masa a ɗakin nan?