Huji Huɗu a Farantin Amalanke

Dutse, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yayana Abdurrahim,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Khaulat da yara. Allah Ya tsare ku da ruwan Fatakwal da hayaƙinta, Ya sa albarka a nemanka, Ya raya mana zuri'a. Mu nan sai godiya. Inna tana fama da gwiwarta, wadda ta hana ta komai ban da faɗa. An mai da maigidana makarantar Ringim, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Ƙanwarmu Ikilima ta sauka lafiya, an samu namiji, an sa masa Zainulabidin, kuma ni dai a ganina sunan ya fi yaron nauyi. Izzuddeen direba zai kawo maka wannan tare da ƙullin daddawa da kuka, kada ka bari ya ce maka sun zube a hanya.

To Yaya, abin da ya sa na ɗauki biro shi ne injin hujin ƙarfen nan da ka aiko wa Baba da ya yi ritaya. Allah Ya saka maka da alheri, amma ka sani kai ka jawo mana. Baba ya kwashe tarkacen ɗakin da ke kusa da zaure, ya kafa benci, ya ɗaure injin a kai, ya ce daga yau nan ne shagonsa. Tun daga ranar babu abin da ya tsira a gidan nan. Murfin tukunya ya sha huji, ludayin ƙarfe ya koma matsami, har tiren da Inna ke shanya kuɓewa ya huhhuda, wai don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Inna takan ɓoye kwanukanta masu kyau a ɗakin Rabi'atu maƙwabciyarmu.

Ana cikin haka sai ga Baffa Yahuza daga Aujara, hankali a tashe. An yanke dawar gonar gado, an ɗaure, dammuna suna can jibge a gona, sai amalanken shanunsa ya karye. Akwai wani faffaɗan ƙarfe mai kauri da suke kira faranti, mai huji huɗu, wanda notuna ke bi ta ciki su ɗaure ƙarfen tayoyi da jikin amalanken, shi ne ya tsage gida biyu. Ga shi Mai gari ya sa an yi shela ranar kasuwa cewa daga Juma'a za a saki gonaki, shanu su shiga kiwon kara. Ka san dawar nan ita ce tuwon gida uku, namu da na Baffa da na Gwaggo Khadijatu. Mota ba ta shiga yashin hanyar gonar, amalanken kowa kuma yana kan aikin mai shi. Baffa ya ce zai kai wa masu walda a kasuwa su yi masa sabo, Baba ya yi kicin-kicin da fuska, ya ce ashe har ya lalace haka, a fita da aikin huji daga gidan da yake da injin huji. Baffa ƙane ne, ya zai yi? Ya sunkuyar da kai ya ce Allah Ya huci zuciyar Yaya.

Baba ya nemi tsohon farantin don ya kwaikwaya, Baffa ya ce ai tuni 'yan gwangwan suka wuce da shi. Amma kada a damu, ya auno tazarar hujin a jikin karan dawa, ya tsaga alama da farce a kowane wuri. Sai ya jingine karan a bakin rijiya ya shiga alwala. Yaya, kafin ya kai ga wanke ƙafa, jar akuyar Inna ta cinye rabin awon, ta tsaya tana kallonsa tana tuƙa. Baffa ya bi ta da buta, Inna ta leƙo ta ce kada wanda ya taɓa mata dabba mai ciki, shi wa ya ce ya kawo kara gidan awaki. Da ƙura ta lafa, Baffa ya ce ba komai, yana riƙe da awon a ka: taƙi ɗaya da yatsu uku a tsawo, yatsu biyar a faɗi.

Baba ya ɗauko gutsattsarin ƙarfe uku da ya daɗe yana ajiya, ya zaɓi ɗaya, ya auna taƙi ɗaya da yatsu uku, ya kunna inji. Ya ce Baffa ya danne farantin da hannu, tunda manomi ne mai ƙarfi. Huji na fari ya tafi lafiya. A na biyu, tsinken hujin yana dab da ɓullawa ta ƙasa sai ya cije, farantin ya ƙwace daga hannun Baffa ya kama juyawa kamar fanka. Baffa ya yi tsalle ya dire a tsakar gida ba hula, yana salati. Farantin ya fizge, ya fito ta ƙofa, ya wuce kaji, ya sauka a cikin randar Inna. Randar nan tun ta aurenta ce. Ba zan rubuta maka abin da Inna ta faɗa ba, saboda takardar za ta iya faɗawa hannun yara. Baba dai ya ce laifin Baffa ne da ya saki, sannan a hankali ya ɗauko abin matse ƙarfe ya ɗaure farantin a benci, wanda da ma shi ya kamata a fara yi.

Da aka gama huji huɗun, Baffa ya ɗauki faranti ya hau babur zuwa Aujara, kafin la'asar ya dawo da shi. Ko noti ɗaya bai yarda ya shiga tare da ɗan'uwansa ba. Ashe Baba da taƙinsa ya auna, shi kuwa Baffa da nasa ya auno. Ka san hannun Baffa, faifai guda ne, shekara da shekaru yana riƙe da garma, Baba kuwa biro ya riƙe har ya yi ritaya. Wallahi da ka ga dattawa biyu a zaure sun haɗa tafi da tafi suna musu a kan hannun wa ne hannun gaskiya, da ka yi dariya har ka faɗi. Ni dai ban yi a gabansu ba, sai da na shiga kicin na toshe baki da gyale.

Amma fa Baba ya san abin da yake yi, kada ka raina shi. Shi ya kawo dabarar da ta fi. Ya yanki kwalin taliya, ya kankaro baƙin tukunya a takarda, ya ce Baffa ya koma ya shafa baƙin a bakin ramukan jikin amalanken, ya danna kwalin a kai, hoton hujin zai fito ba taƙin kowa a ciki. Washegari Baffa ya dawo da kwalin a cikin riga, ya ɗaure da igiya a ƙirji, ko gaisawa bai tsaya yi a tsakar gida ba saboda akuya. Aka huda kwalin, aka ɗora a kan ƙarfe na biyu, aka ɗiga alama da allin da na kawo daga makarantar da nake koyarwa.

Nan kuma sai tsinken ya fara zafi yana kuka, ga baƙin man da Baba ke ɗiga masa ya ƙare. Bai yi shawara da kowa ba, ya shiga kicin ya ɗauko kwalbar man gyaɗar da Inna ta matse da hannunta. Yana hudawa yana tsiyayawa, ƙarfe ya yi zafi, mai ya soyu, gida ya ɗauki ƙamshi har titi. Sai ga Rabi'atu da sallama da ɗan kwanonta a ƙarƙashin mayafi, ta ce haba Inna, ana suyar biki a gidan nan ba a gaya wa maƙwabta ba, me ta yi aka ware ta? Inna ta kama hannunta ta kai ta ƙofar shagon, ta ce ga amaryar nan a kan benci, ta ɗebi rabonta.

Bayan duk wannan, da aka ɗora kwalin a kan farantin, huji biyu sun hau, biyu sun kauce kamar faɗin ƙwayar wake. A ƙarfe kuwa wannan ɗan kaucin ya isa ya hana noti shiga. Baba ya zagi ƙarfen, ya zagi masu wuta da suke kawo ta rabi-rabi, ya ce tsinken jabu ne, har kai ma ka samu naka kason, wai da ka tambaye shi da ba wannan samfurin za ka saya ba. Ranar Alhamis ce fa, Yaya, ƙarfe ɗaya ya rage. Baffa ya zauna a kan turmi ya yi tagumi. A nan dariya ta ƙare mini, don na fara hango shanu a cikin dammunan nan.

Na kai wa Baba kunu shago na tarar ya ɗiga alli a ƙarfe na ƙarshe. Kafin a huda, akan ɗora wani guntun ƙarfe mai tsini a kan alamar a buga masa guduma, ya ɗan lotsa wurin, don bakin tsinke ya samu inda zai zauna kada ya zame. Na tsaya ina kallo, sai na ga Baba yana shafa farantin da ɗan yatsa yana neman allin, yana karkata kai wajen ƙofa, sannan ya kafa tsinin a gefen alamar, ba a kanta ba. Na ce a raina duhun ɗakin ne, taga ɗaya gare shi. Ka san ba a ce wa Baba ya yi kuskure, don haka na marairaice na ce ni fa sha'awar aikin nan nake, ya koya mini mana. Ya ce aikin ƙarfe ba tuƙin tuwo ba ne, amma ya miƙo mini tsinin da wuri, fiye da yadda Baba yake yarda da abu.

Na kafa tsinin a tsakiyar alli, shi ya riƙe guduma, ya ce bugu nasa ne. Na runtse ido na yi kalmar shahada, na yi wa yatsuna sallama. Ya lalubo kan ƙarfen da hannun hagu, ya sauke guduma tas, sau huɗu, bai taɓa ni ba. Daga nan fa sai na ga aiki. Yatsansa yana samun ɗan lotsin sai ya zaunar da bakin tsinke a ciki. Ya fara da siririn tsinke, sannan ya sa babba. Ba ya dannawa da ƙarfi, yana saukewa a hankali, yana ɗagawa ya share dusar ƙarfen, ya ɗiga mai, ya kasa kunne. Ya ce mini ƙarfe yana faɗa wa mutum in ya kusa ɓullewa, kukansa ke sauyawa, a nan ake sassauta hannu. Ɓawon ƙarfen ya riƙa fitowa a nannaɗe, dogo, ba ya tsinkewa. Da muka ɗora kwali, huji huɗu suka hau cif. Baffa ya ɗaga farantin sama yana leƙen rana ta cikin ramukan, yana ta kabbara.

Da sassafe ranar Juma'a muka tafi Aujara, har da Baba, ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Mun tarar shanun Malam Modibbo, Bafulatanin da ke maƙwabtaka da gonar, sun riga sun yi layi a bakin iyaka. Ya zo ya gaida Baba, ya ce saboda zaman tare zai tsare nasa har a sauko daga masallaci, amma garken da ke tafe daga Miga ba shi da iko da su. Baffa ya shiga ƙarƙashin amalanke, notuna huɗu suka shige ba ko gardama, aka ɗaure, aka ɗaura wa shanu. Duk wanda ke da hannu a gidan Baffa ya fito lodi. Sawu bayan sawu, amalanke yana zuwa yana komawa, Baba yana tsaye a ƙofar gida yana karɓar barka daga mutanen gari, yana yi musu bayanin kwali da baƙin tukunya. Ban ji ya ambaci randa ba.

Sawun ƙarshe ya taho ana dab da kiran salla, rana tsaka, ko gajimare babu. Amalanken ya shawo kwanar rumbuna, lodi har sama, tazararsa da mu ba ta fi daga zaurenmu zuwa rijiya ba. Sai Baba ya matso kusa da ni, ya rage murya yadda ba wanda zai ji, ya tambaye ni ko tayar tana tafiya daidai ko tana rawa. Na dube shi, ya kafa ido a kan hanya, amma ba daidai inda amalanken yake ba, ƙarar shanun yake bi. Na ce masa daidai take tafiya, ko gezau. Ya gyaɗa kai ya ce shi ma haka ya gani, so yake ya ji ko na iya lura. Yaya, dawa ta shigo gida, ko zangarniya ba a bar wa shanu ba, kowa yana murna, ni kuwa na zaga bayan rumbu na yi kuka har na gode Allah.

Ban gaya wa Inna ba, ban gaya wa Baffa ba, kai ne na farko. Idon Baba yana tafiya, kuma ya sani, ya gwammace a ce ƙarfe ne ba shi da kyau. Ni ba zai bi ni asibiti ba, kai kaɗai yake jin nauyinka. Don Allah ka nemi hutu ka zo kafin abin ya yi nisa, ka kai shi asibitin ido a Kano. Kada ka ce masa don shi ne. Ka ce naka idon ke damunka, kana so ya raka ka, in ya so likita ya duba ku tare.

Ka gaida Anti Khaulat da kyau, ka shafa mini kan Zulfa da Lauratu, ka ce ina nan ina yi musu addu'ar jarrabawa. Inna tana sa muku albarka, Baffa Yahuza da Gwaggo Khadijatu da Ikilima duk suna gaisuwa. Baba ma ya ce a gaishe ka, a kuma gaya maka aikin ya yi kyau, ya gani da idonsa.

Allah Ya kawo mana kai lafiya. Wassalam.

Ƙanwarka,
Laraba