Mashin ɗinka na zubar da mai

Yaya Sani, ka taɓa ganin mashin na zubar da mai alhali a kashe yake?

Ni ne ƙaninka Lawali. Ina gaishe ka. Ƙaƙa Ibadan, ƙaƙa aiki, ƙaƙa Hajara da yara? Inna lafiya lau, ƙafar ce dai.

Naka ne ya koma haka, wanda ka bar mani in yi kabu-kabu mu ci abinci nan Ƙaura. Makanike ya kwance kafireto, ya fiddo wata 'yar tagulla kamar ƙwai. Wai ita ke yawo bisa mai, ta tare shi in ya cika. Ya girgiza ta a kunnena, na ji mai a cikinta. Ya tsoma ta ruwan zafi, kumfa ya fito ta wata 'yar huda. Ya ce, "Baƙauye, irin wagga ta ƙare. Yanzu duk roba ce, kuma ba ta shiga naka."

Na shafa mata sabulu yadda muke liƙe tanki a Gurbin Bore, mai ya cinye shi. Na kai wa mai gyaran rediyo, na ce ya zuba dalma da yawa don ta yi ƙwari. Huda ta toshe, amma ta yi nauyi, nutsewa take yi. Makanike ya ce da bakina na kashe ta. An nemi wata har Shinkafi, babu.

Yaya, ban san abin yi ba. In ka ga irinta can, ka aiko. Ka sa mu a addu'a, ka gaida Kawu Isa.

Zan tafi yanzu. Motar albasa ta shigo tasha, in na makara wasu za su riga ni dakon da nake yi tun da mashin ya tsaya.