Kwalbar da ka ajiye a saman kabad

Baban Ladi,

Gaisuwa mai yawa. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma cewa za ka yi in karanta maka, don ka manta inda ka ajiye tabarau. Amma ba ni da wanda zan gaya wa sai kai.

Sojoji sun miƙa mulki. A rediyo na ji. Unguwarmu Barnawa ta cika da ihu da hon na motoci, ni kuwa ina zaune ina kallon saman kabad. Ka tuna alkawarinka? Farar giyar inabin nan da Bafaranshen da ka yi wa aikin kuku a Kakuri ya ba ka ranar da zai koma ƙasarsu, ka ce ba za a buɗe ta ba sai soja sun koma bariki, mu sha mu biyu. Sun koma, Yohanna. Kai ne ba ka jira ba.

Ladi ta haihu a Kamazou, an sa wa yaron sunanka. Ɗakinmu yana yoyo. Labarin gida ke nan.

Shekara da shekaru ka cika min kunne da giyar nan. Wai tana da nauyi a harshe kamar man shanu, ga ƙamshin soyayyar gyaɗa da ɗan zuma, sannan tsami kaɗan ya biyo baya ya wanke baki. Wai ba ta shiri da barkono, sai kaza a miyar madara mai kauri, ko gasasshen kifi da bota. Ni kuma in ce abincin marasa lafiya ke nan. Ban taɓa gaya maka ba, amma ina son jin wannan bayanin naka. Fuskarka sakewa take yi, kamar ba kai ne ka wuni tsaye gaban murhun wani ba. Don ka ƙara faɗa nake tsokanarka.

Ran Lahadi bayan sujada na dafa kazar yadda kake faɗa, ko ƙwayar attarugu ban sa ba. Na tsoma kwalbar a randa ta yi sanyi. Ba ni da abin buɗewa, sai na danna murfin da ƙusa, ya farfashe ya faɗa ciki. Na tace da rariyar shayi, na zuba a kofi biyu.

Ba fara ba ce, Yohanna. Ja-ja ta fito, kamar shayin da ya kwana. Na kurɓa, tsami ya riƙe min muƙamuƙi, ɗaci ya biyo baya. Ba man shanu, ba zuma. Na ci kaza na sake kurɓa, ko abincin zai fito da daɗin. Bai fito ba.

Kai ka ce giya ƙara daɗi take yi in ta daɗe, shi ya sa muka ɗora ta can sama kusa da kwanon rufi, inda hannun yara ba zai kai ba. Zafin kowace bazara a kanta ya sauka. Shi ya kashe ta? Ko haka take tun asali, harshena ne na 'yar ƙauye? Ko kai ma ragowar kofin Bature kawai ka taɓa ɗanɗanawa, sauran ka ƙara da bakinka don ka ga ina dariya?

Wa zan tambaya? Fasto? Matan zumunta, da ba su san akwai kwalba a gidan nan ba? Mutum ɗaya ne a duniya da zai kurɓa ya gaya min gaskiya, kuma na raka shi kabari. Na ɗauka in na sha zan san abin da ka sani, in ɗan same ka a ciki. Ban same ka ba. Ban yi irin wannan kuka ba ko ranar jana'izarka, don a ranar akwai sauran abin da nake jira. Yanzu babu.

Na shanye nawa duk da haka. Naka yana kan tebur, ƙudaje sun faɗa ciki, na kasa zubarwa.

Ka huta lafiya.

Matarka,
Saratu