Sabulun da Ke Kan Katanga

Zuwa ga yayana Haruna, da ke kwance a maƙabartar Gidan Amumune.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ƙani ga wansa, na zauna rubuto maka ne don yau bakina ya ƙi rufuwa, kuma mutanen gida sun gaji da ni.

Yaya, Inna ta gama allurarta! Ɗazu majo, babban mai jinya a likita, wato asibitin Mayahi, ya sa hannu na ƙarshe a karnenta, ɗan littafin allurar nan. Da idona na karanta, ni ɗin nan da kake yi wa dariya ina haɗa baƙaƙe a jikin kwalin sukari.

Bari in faro maka. Sati biyu ke nan, karen maƙwabta, da ya kwana biyu yana dalala yana cizon turmi, ya cafke Inna a ƙwauri bakin rumbu. Kafin in iso an kashe karen. Kawu Ila ya tsige gashin wutsiyar ya ƙone a kasko, zai cusa tokar a ciwon ya ɗaure da tsumma. Abin da ya yi maka ke nan shekara huɗu baya, kuma ni ne na riƙe mishi kaskon.

Ka san halina. Da ƙafa na kifar da kaskon. Na faɗa wa Kawu maganar da ba ta rubutuwa, har yau ba ya amsa gaisuwata. Zan je in durƙusa mishi, amma ban yi da-na-sanin tokar ba. Na jawo bidon ruwa da sabulu, na wanke ciwon minti goma sha biyar cur, ido na kan salula, Inna na faɗa wai na ƙarar mata da ruwan girki. Sannan na ɗora ta a motonka, babur ɗin nan naka, sai Mayahi.

Ka san ina na koyo? Takarda ce manne a bangon likita, ranar da muka kai ka aka ce an makara. Na ɗauki hotonta da salularka. Wata uku ina kokawa da ita, ina tare ƴan lakwal a hanyar makarantarsu, kafin ta buɗe mini baki. Ranar da na gane abin da ta ce, har da kai na ji haushi.

Majo ya ce allurar ba ɗaya ba ce, ya rubuta ranakun. Ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Sai ciwon ya bushe, ga girbin gero ya kama, Inna ta ce ita fa ta warke, ba ta ƙara shan yashin hanya. Na yi masifa, na yi lallashi, ko gezau. Daga ƙarshe na ce mata, “Inna, na Yaya ma ya bushe.” Tabonka bai fi ƙwayar wake ba. Ka yi nomanka kana waƙa, sai bayan wata biyu ka ga ƙoƙon ruwa ka kama makyarkyata.

Ta sa hijabinta ta hau moto.

Ga wani daɗin kuma: ashe akwai allurar da ake yi tun kafin cizo, don masu aiki da dabbobi. Na ba da sunana wajen likitan dabbobi, zan riƙa kama mishi karnuka a yi musu tasu, ni ma a yi mini tawa. Majo ya ja kunnena cewa ko da ita, in kare ya cije ni, wanki da dawowa likita dole ne. Karnukan garin nan sun shiga uku da ni.

Muna dawowa yau, ina ta surutuna, sai Inna ta dafa bayana ta ce, “Ranar da aka ciji yayanka, sabulu na nan kan katanga.”

Yaya, muna isa gida na ɗauko takarda na zauna rubuto maka.

Allah ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai ruwan da ka kasa sha a duniya, ya bar mana Inna.

Ƙaninka mai tsiwa,
Rabe