Ni Na Zana Shanun, a Sako Daniyel

Zuwa ga Maigirma jami'in da ke tace abin da ake bugawa a Garwa,

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali.

Sunana Sabo, ɗan mahauci ne ni daga Rumde Ajiya, sana'ata haɗa littattafai da hannu. Ni ke zana hoto, abokin aikina Daniyel, mutumin Poli, ya sassaƙa shi a katako, mu shafa tawada mu danna a takardar buhun siminti, in ɗinke da fatar akuya. Mun yi na masuntan Binuwai, mun yi wani da ake warwarewa kamar rawani. Ba wanda ya taɓa tanka mana.

Na farko, littafin da jandarmomi suka kwashe bisa umarninka babu kalma ko ɗaya a cikinsa. Hotunan shanu ne da aka koro daga Kolofata zuwa mayanka. An ce bijimin da aka ɗaure wa baki habaici ne ga gwamnati. Ranka ya daɗe, a mayanka na tashi, kuma haka na ga mahaifina yana ɗaure su.

Na biyu, tun kafin damina aka kira Daniyel komisariya, ofishin 'yan sanda, wai ya amsa 'yan tambayoyi. Har yau bai dawo ba. Matarsa Marta tana kai masa tuwo kullum, ana karɓa. Ran Juma'ar da ta wuce mai gadi ya mayar mata da kwanon ko buɗe shi bai yi ba, ya ce, "Madam, ki daina wahalar da kanki." Ta zo shagona tana tambayata me yake nufi.

Yanzu wani baƙo ke wuni a kan benci daura da shagona, ba ya saye, ba ya gaisuwa. Mahautan da ke ajiye mini fata sun koma sunkuyar da kai in na wuce. Malamin makarantar boko da ya fi kowa son aikinmu ya ƙone nasa littattafan.

Roƙona shi ne a faɗa wa Marta inda mijinta yake, da rai ko babu. In hoton laifi ne, hannuna ya zana shi, Daniyel abin da na ba shi kawai ya sassaƙa. An ba ni shawara in tsallaka Yola, na ƙi. Ina shagona, ba sai an fasa ƙofa ba.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama da mutane lafiya.

Wassalam,
Sabo Mai Zane